Nasiha Ga Mai Buri: Riƙe Niyya, Sassauta Hanya

Muna farawa da sunan Allah, muna gode masa, muna yin salati ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku malamai iyayenmu, ya ku almajirai 'yan'uwana, ku sani kowane ɗaya daga cikinmu akwai abin da ya ƙudura a ransa. Wani so ya ke ya haddace izu 60, ya rubuta da ka, a kira shi alaramma. Wani so ya ke ya sauke Risala ya shiga Muhtasar. Wani aure, wani jari, wani kuwa ba shi da buri sai ya ga Ka'aba kafin a kai shi kushewa. Duk wannan ba laifi. Abin da na ke jan kunnenku a kansa shi ne mutum ya ɗaure niyya da hanya da igiya ɗaya, ran da hanyar ta toshe sai ya ce niyyar ta mutu, ya zauna yana fushi da Allah da mutane. Na ga gardawa masu ƙwazo sun jefar da allo ɗungum, don kawai malamin da su ka nufa ya rasu, ko uba ya kira su gida noma. Alhali niyya dabam, hanya dabam. Niyya ita a ke riƙewa da ƙarfi, hanya kuwa sako-sako a ke riƙe ta.

Ku dubi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya jiƙansa, wanda aka haifa a Maratta cikin 1754. Yana saurayi ya lizimci malaminsa, Malam Jibrilu ɗan Umaru, ya bi shi har Agadas lokacin da malamin ya nufi Hajji. A can Malam Jibrilu ya mai da shi gida, domin mahaifinsa bai ba shi iznin tafiya Makka ba. Shehu ya juyo, bai yi gardama ba. Har ya rasu a Sakkwato cikin 1817 bai taka Makka ba. To, wa zai buɗe baki ya ce Shehu ya yi hasara? Abin da ya ke nema a gabas yardar Allah ce, ita kuwa ya same ta a biyayyar mahaifi da karantar da mutanen ƙasarsa, maza da mata.

Labarin ƙanensa, Malam Abdullahi na Gwandu, ya fi wannan kama da halinmu, don haka zan daɗe a kansa. An soma jihadi cikin 1804. Ba a yi nisa ba sai Malam Abdullahi ya ga da yawa daga cikin jama'a sun karkata ga son mulki da tara dukiya, abin da aka fito don a gyara shi ne ya ke neman komowa. Ransa ya ɓaci, ya ƙudura ya bar ƙasar ya tafi gabas wajen Manzon Allah. Wajen 1807 ya fita da mutane kaɗan, bai zame ba sai Kano.

Mutanen Kano kuwa lokacin nan sun karɓi mulki, amma da yawansu ba su san yadda a ke riƙonsa bisa shari'a ba. Su ka tare shi, su ka roƙe shi ya tsaya ya nuna musu. Ku auna wannan a ranku. Mutum ne ya riga ya yanke shawara, ya rabu da gida, fuskarsa na gabas, kuma abin da ya nufa ba abin zargi ba ne. Da mai taurin kai ne da ya ce, na riga na yi niyya, ba mai juya ni. Amma sai ya saurara. Ya zauna ya rubuta musu littafin nan Liya'ul Hukkami a kan hukunce-hukuncen mulki, ya karanta musu tafsirin Alƙur'ani, sa'an nan ya koma yamma wurin jama'ar da ya baro. Daga baya ya wallafa babban tafsirinsa, Liya'ut Tawili, wanda malamai ke buɗewa har yau.

Me ya juyo da shi? Ya gane ƙarƙashin burinsa akwai wani buri da ya fi shi girma. Abin da ya fitar da shi daga gida ƙin ɓarna ne da son gaskiya ta tsaya. Da ya ga a Kano zai iya tsai da ita da alƙalami, sai ya sauke kaya. Wannan ita ce tambayar da na ke so kowane almajiri ya yi wa kansa: abin nan da na ke nema, don me na ke nemansa? Wanda ya san amsa ba ya ruɗewa in an rufe masa ƙofa ɗaya.

Asalin wannan hali kuwa yana cikin tarihin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Cikin shekara ta 6 bayan hijira ya fita Umra da sahabbai wajen 1,400, Ƙuraishawa su ka tare su a Hudaibiyya, aka yi sulhu, su ka koma Madina ba su yi ɗawafi ba, abin ya yi wa sahabbai nauyi ƙwarai. Shekara ta 7 su ka yi Umrarsu, shekara ta 8 aka buɗe Makka.

Amma kada wani rago ya ji wannan ya yi murna. Sassauci dabam, lalaci dabam, kuma kakanninmu masu Hajjin ƙasa sun nuna mana bambancin. Kafin jirgin sama ya yawaita, mutum kan tashi daga Kano ya bi ta Barno, ya ratsa Wadai da Darfur, ya isa bakin Maliya ya ƙetare zuwa Jidda. Guzuri kan ƙare a hanya, sai ya tsaya ya yi noma, ko ɗinki, ko karantar da yara. Da aka gama madatsar ruwa ta Sannar cikin 1925, da yawa sun yi ƙodago a gonakin auduga na Jazira a Sudan. Tafiyar kan ci shekaru. Malami ya riƙe fartanya bai ga ƙasƙanci a ciki ba, domin kowace kaka yana ƙulle wani abu a gefen zane saboda zango na gaba. Wannan shi ne mai sassauci. Da ya bar ajiya, ya bar tambayar ayari, yana dai cewa ina kan hanya, da bakinsa kaɗai ke tafiya.

Saboda haka in abu ya gitta tsakaninka da burinka, ka duba shi da kyau. In hakki ne, kamar na mahaifi ko iyali ko jama'ar da ke bukatarka, ko kuwa toshewa ce wadda ba ka da iko a kanta, to ka juya da farin rai, ba ka yi hasara ba. In kuwa kasala ce ta sa rigar uzuri, ka yi ta maza ka wuce. In ka kasa rarrabewa, ka kai wa wanda ya fi ka sani, ka kuma ji abin da zai faɗa, ko da ba shi ka ke so ka ji ba.

Kai gardi da aka kira gida, ka tafi da allonka, ka wanke ko da sumuni ɗaya ne, ka yi tilawa a kan kunya. Kai da malaminka ya rasu, ka durƙusa gaban wani, ko da ya girme ka da shekara ɗaya tak, ko ma kai ka girme shi. Kai da ka ga hadda ta ƙi zama amma fiƙihu na shiga, kada ka ji kunyar komawa inda aka buɗe maka. Kai da guzuri ya yanke maka, ka kama allura ko awo a kasuwa, sana'a ba ta taɓa rage darajar mai karatu ba. Ku kuma malamai, in yaro ya zo da wata shawara wadda ba ita ku ka shirya masa ba, ku saurare shi kafin ku yanke. Magabata sun ce hanyar lafiya a bi ta da shekara.

Allah ya ba mu niyya mai ƙarfi da zuciya mai taushi, ya zaɓa mana abin da ya fi alheri, ya sa mu yarda da zaɓinsa. Allah ya jiƙan malamanmu da iyayenmu. Amin. Wassalamu.