Kadarkon Tamburawa da Yashin da ke Ƙarƙashinsa

Duk wanda ya fito daga birnin Kano ya nufi Zariya, kafin ya kai Kura lalle ne ya haye kadarkon Tamburawa, cikin ƙasar Dawakin Kudu. Ta kansa tumatir da shinkafa da alkama na gonakin Kadawa da Bunkure su kan shiga birni. Kun san samansa. Yau zan gaya muku abin da ke ƙasa.

Kadarko ba a kan ruwa ya ke zaune ba. Maginan su kan kafa turaku na siminti da ƙarfe, su nutsa cikin ƙasar kogi, sa'an nan a ɗora ginshiƙai a kansu. Yashin da ya kewaye turakun nan shi ke riƙe da su. Ku dubi turken doki: in aka tone ƙasar gindinsa, ko ɗan akuya ya iya girgiza shi.

To, a wannan yanki ne kogin Calawa da kogin Kano su ke gamuwa, su gangara Wudil. A da, kowace damina ruwa ya kan kawo sabon yashi daga tudu. Amma an tare kogin Kano a Tiga cikin 1974, an tare na Calawa wajen Ƙaraye cikin 1992. Madatsa kuwa, in ta tsai da ruwa, yashi sai ya kwanta bayanta. Watau abin da ruwa ya kwashe daga gindin kadarko, ba a mayar masa kamar da.

Ga kuma masu haƙar yashi, suna loda motoci don ginin birni. Ba na zarginsu, gama abinci su ke nema, kuma kowa na son gidan siminti. Sai dai ramin da aka haƙa kusa da kadarko ba ya tsayawa wuri ɗaya. Ruwa ya kan yi ta cin bakinsa, ramin yana matsowa, har turaku su bayyana tsirara. Kadarkon Tamburawa ya taɓa lalacewa har Gwamnatin Tarayya ta sa aka yi masa gyara.

Saboda haka, in da rani kuka ga turaku sun fito fili, ko ginshiƙi ya tsage, ku faɗa wa dagaci ya kai magana gaban hakimi, tun ruwan Agusta bai sauko ba.