Yadda Muka Dafa Dutse a Albarika

Sa'anda muka share fili a Albarika, cikin Parakou, muka iske ƙaton dutse daidai wurin gini. Kwana uku muna bugunsa da guduma, ko ɓallewa bai yi ba, ga damina ta matso. Sai wani tsoho ya ce mu tara itace a kansa. Muka hura wuta, ta kwana tana ci. Da asuba muka kwarara masa ruwan sanyi, ya tsage, gama bayansa ya huce farat ɗaya, cikinsa kuwa da zafi tukuna. Muka sa ƙarfe a tsagar, muka farfasa shi, mata suka kwashe a ka. Shi ne harsashin ɗakin nan. Ashe, mai haƙuri yakan dafa dutse.