Jawabi ga masu jiragen ruwa masu inji: kada ku cire tarmosta

Masu jirage, masunta da matuƙa na kogin Kwara, daga Yamai har Gaya, sannunku da zuwa.

Yau maganarmu kan wani ɗan ƙarfe ce da ke cikin kan inji. Makanikai suna ce mashi tarmosta. Ya fi dabino girma kaɗan, amma aikinshi babba ne.

Injin jirgi da ruwan kogi yake sanyaya jikinshi. Pampo yana jawo ruwa daga ƙasa. Tarmosta shi ne mai tsaron ƙofa. In inji yana da sanyi, ƙofa a rufe take. In ya ɗumama, wajen digiri 50 zuwa 60, wani kaki da ke ciki sai ya kumbura, ƙofa ta buɗe, ruwa ya wuce.

Wasu, da inji ya yi zafi, sai su cire tarmosta su yar. Wannan garin neman gira ne a rasa ido. Inji marar tarmosta ba ya ɗumama, balle lokacin ɗari. Mai ba ya ƙonewa duka. Baƙin hayaƙi ya daskare ciki, buji ya yi dauɗa, isansi ya ƙare da wuri, inji ya tsufa ba lokacinshi ba.

In kuma tarmosta ya maƙale a rufe, zafi ya yi yawa, piston ya kame. Ku tuna ranar kasuwa: jirgi cike da buhunnan hatsi da mata da yara, inji ya mutu tsakiyar ruwa. Allah shi kiyaye!

To, ga abin yi:

1. In kun tada inji, ku ba shi minti 3 ya ɗumama kafin ku tashi.
2. Ku duba ɗan ruwan da ke tsartuwa bayan inji. In ya tsaya, ku kashe inji nan take.
3. Ku cire ciyawa, leda da rairayi daga ramukan shan ruwa.
4. Kada ku tada inji bisa tudu babu ruwa. Robar pampo za ta ƙone.
5. Sau ɗaya a shekara, makaniki ya fiddo tarmosta, ya saka shi cikin ruwan zafi. In bai buɗe ba, a sayi sabo irin nashi.

Kuɗin tarmosta kaɗan ne, kuɗin inji kuwa kun san shi. Wanda ya ji, ya gaya ma wanda bai zo ba. Allah shi kai mu gaci lafiya.