Farce, Ƙaramin Mashaidi

Yau maganarmu a kan wani ɗan abu ce wanda kowa ya ke ɗauke da shi har guda 20, amma ba safai a ke kula da shi ba. Waɗansu suna ce da shi farce, waɗansu ƙumba, waɗansu kuwa akaifa. Kafin mu ci gaba, ka ajiye abin da ke hannunka, ka buɗe yatsunka, ka dube su da kyau.

Na fari, daga ina farce ya ke tsirowa? Mutane da yawa suna tsammani daga bakinsa ya ke ƙaruwa, watau wurin da a ke yanka. Ba haka ba ne. Ku tambayi mata masu ƙunshi. Ran da aka kwance lalle, farce duka ja ne. Bayan mako kaɗan sai fari ya ɓullo daga gindi, jan kuwa yana ta matsawa gaba har ya ƙare a bakin almakashi. Ashe tushen farce yana ɓoye ne ƙarƙashin fata, a gindinsa. Farin nan mai kamar jinjirin wata da ka ke gani a babban yatsanka, shi ne ɗan abin da ya leƙo daga tushen. A can jiki ya ke ƙera sabon farce dare da rana, sabo yana tura tsoho. Aikin nan ya soma tun kana cikin uwarka, wajen wata na 3.

Abin da aka yi farce da shi, shi ne aka yi gashi da ƙahon sa da kofaton doki. Ba jini a cikinsa, ba ya kuwa jin zafi, shi ya sa a ke yanka shi lafiya. Jan da ka ke gani, jinin naman da ke ƙarƙashinsa ne. Aikinsa shi ne ya tokare kan yatsa daga baya. In ba domin shi ba, ɗaukar allura daga ƙasa, da kwance ƙulli, da tsintar tsakuwa cikin shinkafa, duk da sun zama wahala.

Na biyu, yaya saurinsa? Farcen hannu ya kan ƙaru kamar milimita 3 a wata, misalin tsawon ƙwayar gero ɗaya. In ya fita duka, sai ya yi wajen wata 6 kafin ya komo. Na ƙafa ya fi nawa, ya kan kai shekara ɗaya ko ɗaya da rabi. Wani likita a Amurka, William Bean, ya yi shekara 35 yana auna farcen babban yatsansa, ya ba da labarin a 1980. Ya iske da tsufa ya zo, tsiron ya rage sauri.

Na uku, ga abin da ya fi muhimmanci. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. To, labarin jini kuma a tambayi farce. Ka danne farcenka har ya yi fari, sa'an nan ka sake shi. Ga mai lafiya, nan da nan jan ya kan komo. Amma in farce ya zama fari fat kullum, cikin ido kuma haka, mai yiwuwa jini ya yi ƙaranci. Wani lokaci har farcen ya lotsa a tsakiya kamar cokali. Kai maigida, matarka mai ciki tana haki in ta ɗebo ruwa, kana cewa ƙiwuya ce? Kama hannunta ka duba. In ka ga haka, kada ka jira ranar haihuwa, gama macen da jininta ya ƙaranta ba ta iya jimre zubar jini. Kai ta asibiti a auna.

Akwai wata shaida kuma. Sa'ad da ciwo mai tsanani ya kwantar da mutum, kamar zazzaɓi mai zafi ko ƙyanda, tushen farce ya kan dakata da aiki. Bayan an warke sai wani ɗan kwari ya fito a gicciye, yana tafiya gaba tare da farcen. Wani likitan Faransa mai suna Beau ya bayyana wannan a 1846. In layin yana tsakiyar farce, ciwon ya yi kamar wata 3 da wucewa. In kuwa kan yatsu ya kumbura kamar kan gula, farce ya lanƙwasa bisansa, ga tari ya daɗe, to, a je a duba huhu.

Yanzu me za mu yi? Ke mai tuwo, kai mai nama, ku tuna ƙwan tsutsar ciki da ƙwayoyin gudawa suna laɓewa ƙarƙashin dogon farce, daga nan su shiga abincin wanda ya amince da ku. Ku yanke shi gajere, ku wanke da sabulu kafin ku taɓa abinci. Sa'ad da mai yankan farce ya zo rumfarka, sana'arsa mai kyau ce, amma kada ka bari ya kankare 'yar fatar nan da ta manne a gindin farce. Ita ce ƙofar da ta rufe tushen. In ta buɗe, ƙazanta ta shiga, sai yatsa ya kumbura ya yi mugunya, ka rasa barci, ka rasa kasuwa. Almakashin da ya fid da jinin wani kuma yana iya kawo maka ciwon hanta. Ka ajiye naka, ko ka sayi sabuwar reza. Kuɗinta bai kai kuɗin magani ba.

Yau da dare, in an tashi kasuwa, ka tara iyalinka kusa da fitila, ka dubi hannun kowa, tun daga uwargida har auta. Allah ya ba mu lafiya. Sai wani mako.