Idan Jariri Ya Yi Duhu A Cikin Fitilar Asibiti

 

Yau ba maganar taro na kawo ba, maganar shawarar jarirai ce. Cikin jarirai 10 da suka cika wata tara, kusan 6 idonsu kan yi rawaya a satin farko, bakwaini ma sun fi haka. Idan ta yi yawa tana taɓa ƙwaƙwalwa, yaro ya tashi kurma ko ya kasa zama. Shi ya sa a FMC Gusau da asibitin Yariman Bakura ake rufe wa jariri ido a kwantar da shi ƙarƙashin shuɗiyar fitila. Hasken ke narkar da rawayar, ta fita ta kashi da fitsari.

To ga inda nake so ku saurara. Wani jaririn, ba kowane ba, yana cikin fitilar sai fatarsa ta yi duhu-duhu kamar tagulla, har fitsarin ya yi duhu. Nan take kaka za ta ce an ƙona mata jika, a naɗe shi a tafi gida. Wallahi ba ƙuna ba ce. Likitoci sun san abin tun 1972, kuma launin kan washe a hankali bayan an gama, wani sai ya ɗauki makonni. Amma sau da yawa alama ce cewa hanta ba ta fitar da ruwan matsarmama yadda ya kamata, don haka likita zai so ya ƙara gwajin jini. Shi zai ce a ci gaba ko a tsaya, ba mu ba. Uwa ta ci gaba da ba da nono, ta kuma riƙa duba kashin yaron. In ya yi fari kamar alli, a faɗa wa nas a take.

Don Allah a daina jiran sai an yi suna. Kwana 7 ya yi yawa, balle rawayar da ta fito tun ranar haihuwa. 'Yan Tsafe da Bungudu, kun san halin hanyarmu da dare, a fito da yaro da sauran rana. Kafur ɗin nan da muke zubawa cikin kayan jariri kuma a kwashe shi, yana fasa jinin wasu yara.

Shugabannin mata na mazaɓu, kowa ta karanta wa ungozomar unguwarta wannan saƙo. Wassalam.