Ɗalibin Fisiyo da Takalmin Ƙarfe

Yau maganarmu a kan ɗalibai masu karatun gashin ƙashi ce, wato fisiyo, da takalmin ƙarfe ko na roba da ake ɗaura wa ƙafar da ta rasa ƙarfi.

Ɗalibi zai iya zayyano maka tsokoki da jijiyoyin ƙafa da ka, amma a miƙa masa takalmin a ce ya sa wa mai shanyewar ɓarin jiki, sai ka ga hannu na rawa. Ba laifinsa ba ne kacokan. Masu ƙera takalmin sashensu daban, kamar yadda yake a Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda aka kafa a 1959, shi kuwa ɗalibi ya fi ganin takalmin a littafi. Abin da ke damuna shi ne majinyaci yana lura da fuskar mai sa masa. In ya ga inda-inda, yana isa gida takalmin zai koma ƙarƙashin gado.

Ku ɗauki jaririn da aka haifa da murɗaɗɗiyar ƙafa. Bayan an miƙar da ita da filasta bisa tsarin Ponseti, ana sa masa takalma biyu haɗe da sandar ƙarfe, awa 23 kullum har wata uku, daga nan sai lokacin barci har ya kai shekara huɗu ko biyar. Yaro zai yi ta kuka, kaka ta ce a cire masa wannan azaba. In ɗalibi bai iya duban uwa ya ce, "Hajiya, ki daure, in aka cire ƙafar tana iya komawa gidan jiya" ba, wahalar filasta ta tashi a banza.

To ɗalibai, ku riƙa shiga wurin masu ƙerawa. Ku ɗaura takalmin a ƙafarku, ku hau bene da shi, ku ji inda yake matsa. Kafin ku ja maɗauri, ku tabbatar dunduniya ta zauna daram, safar auduga kuma ba ta naɗe a ciki ba.

In an cire, ku duba fata. Littafi zai ce ku nemi inda ya yi ja, amma a baƙar fata ja ba ya fitowa sosai, sai an sa hannu an taɓa: akwai ɗumi? akwai kumburi? Shatin da bai ɓace cikin minti 20 ba, takalmin na neman gyara, musamman ga mai ciwon suga da ƙafarsa ba ta jin zafi. A mayar wa masu ƙerawa su gyara, kada a cusa tsumma a ciki.