Ranar Hutu a Tsakiyar Tafiya

Karatu: 1 Sarakuna 19:1-8

Yau za mu yi magana a kan hutu, amma da keke za mu fara.

Wata shekara bayan girbi, mu huɗu muka ɗaura kaya a kekunanmu a Katako, nan Jos, muka kama hanyar Zariya domin ziyartar ikilisiyoyin ƙauyuka. Tafiyar ta fi kilomita 200. Zuwa bai ba mu wuya sosai ba, gama Jos tana bisa tudu, wajen mita 1,200 daga teku, gangara muka bi zuwa Jengre. Dawowa ita ce magana. Kwana 9 muka yi, rana a kan sirdi, dare a wurin wa'azi. Da muka iso Saminaka ran Alhamis da yamma, gwiwoyinmu sun yi nauyi, har mun soma faɗa wa juna magana a kan abin da bai kai ya kawo ba.

Dattijon da ya sauke mu ya dube mu, ya ce, "Malamai, gobe ba inda za ku." Muka ce iyali suna jira, guzuri kuma ya kusa ƙarewa. Ya ce, "Hawan da ke gabanku ba a yinsa da ragowar ƙarfi." Muka zauna ba da son ranmu ba. Muka yi barci, muka wanke tufafi, muka ci tuwon masara muka ƙoshi. Mai gyaran keke ya duba, ya tarar tayar ɗayanmu ta suɗe, saura kaɗan ta fashe. Wanda ya yi wa ɗan'uwansa tsawa ya nemi gafara. Ran Asabar muka hau tudun lafiya, ran Lahadi muka yi sujada a gida.

'Yan'uwa, annabi Iliya ya san irin wannan gajiya. Bayan nasarar da Allah ya ba shi a Dutsen Karmel, Yezebel ta aika masa da saƙon kisa. Ya gudu har Biyer-sheba, ya ƙara tafiyar yini guda cikin jeji, ya zauna a gindin wani itace, ya roƙi Allah ya ɗauki ransa. Ku lura da abin da Allah ya yi. Bai tsauta masa ba. Ya bar shi ya yi barci, ya aiko mala'ika da abinci da ruwa. Ya ci, ya sāke kwantawa. Mala'ikan ya tashe shi karo na biyu ya ci, domin akwai doguwar hanya a gabansa. Da ƙarfin wannan abinci ya yi kwana 40 yana tafiya har Horeb. Ashe, hutun nan yana cikin tafiyar, ba ɓata lokaci ba ne.

Ko masu tseren keke sun san haka. A babban tseren Faransa, wato Tour de France, ana tuƙi kwana 21, amma ana keɓe kwana 2 domin hutu. In ƙarfafan duniya suna tsayawa, mu fa?

Mun san abin da ke hana mu. Mai sayar da katako, da mai hatsi, da mai gwanjo a kasuwar Katako, kowa yana cewa, "In na rufe yau, me yara za su ci?" Ba mu raina wannan tambaya ba, mu ma muna biyan kuɗin makaranta. Amma ku tuna da manna a Fitowa sura 16. A rana ta shida Allah ya ba da abincin kwana biyu. Waɗanda suka fita nema a rana ta bakwai ba su sami kome ba. Mai hutawa yana shaida cewa Allah ne ke riƙe da gidansa, ba ƙarfin damtsensa ba.

Ba ragwanci muke koyarwa ba. Kwana shida na aiki ne. Amma baba, in ka huta, ka bar yaron shagonka ya huta. Mama, 'yar da ke taya ki aiki ita ma jiki gare ta. Fitowa 23:12 ta sa har sa da jaki cikin lissafin hutu. Ku kuma masu bishara, kada ku mai da gajiya abin fahariya. A Markus sura 6, Yesu da kansa ya janye almajiransa gefe su huta, sa'ad da ba su da zarafin ko cin abinci.

Wannan mako, ku keɓe rana, ku duba jiki, ku duba gida, ku duba zuciya. Sannu ba ta hana zuwa.

Bari mu yi addu'a. Ya Ubangiji, ka san gajiyarmu. Ka koya mana mu tsaya, mu dogara gare ka, mu tashi da sabon ƙarfi. Cikin sunan Yesu, amin.